Tamola: gumin wata takwas, hukuncin wata biyu

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu awo, yau zancen ƙwallon ƙafa za mu yi, amma kada ku yi saurin juya takarda. Magana ce ta awo da lissafi, ku kuwa kun fi kowa saninsu.

Mu ɗauka wani attajiri ya yi alkawarin ba da rumfa kyauta ga wadda ta fi ciniki a bana. Bayan wata takwas Hajiya ta sayar da buhu 70 na hatsi, maƙwabciyarta buhu 51. Sai attajirin ya ce a raba lissafin kowace gida biyu, a ci gaba daga nan. Hajiya ta koma 35, maƙwabciya ta koma 26, don har rabin buhun da ya yi saura an cika mata. Tazarar buhu 19 ta zama 9. A wata biyun da suka rage maƙwabciya ta yi ciniki mai kyau, ta ɗauke rumfa da ratar buhu guda. Idan aka tara cinikin shekara duka, Hajiya na da 84, ita kuwa 75.

Waɗannan alƙaluma ba mu muka ƙaga su ba. Makin gasar ƙwallon ƙafa ne na ƙasar Beljik a kakar 2023-2024. Hajiya ita ce ƙungiyar Union Saint-Gilloise ta birnin Burusal, maƙwabciya kuwa Club Brugge, wadda ta gama zagayen farko a matsayi na huɗu amma ta ɗauki kofi da maki 50, Union na da 49. Beljik dai ba baƙuwa ba ce gare mu. Daga tashar ruwanta ta Antwerp ake loda da yawa daga cikin motocin da ke sauka Kwatano, kuma a can, a ƙungiyar Lokeren, ɗan wasanmu Musa Ma'azu ya fara yin suna a Turai kafin ya wuce Rasha a 2009.

A kakar 2009-2010 ne hukumomin ƙwallon ƙasar suka shigo da wannan tsari. Suka rage ƙungiyoyi daga 18 zuwa 16, kowace ta kara da kowace gida da waje, wasa 30 ke nan. Daga nan sai a ware shida na sama, a raba makinsu biyu, su sake karawa tsakaninsu wasa goma. Wanda ya fito na ɗaya a wannan zagaye na raba gardama shi ne zakara. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne: manyan ƙungiyoyi su riƙa haɗuwa sau huɗu a shekara maimakon sau biyu, fili ya cika, masu tele su ƙara kuɗi, kuma kada wani ya tsere da kofi tun ana saura wasa biyar jama'a su daina kallo.

A ba su gaskiyarsu, kasuwar ta ci. Duk wanda ya zauna gidan kallo ranar 4 ga Yunin 2023 ba zai manta ba. Ƙungiya uku, Antwerp da Genk da Union (lokacin Victor Boniface na Najeriya yana cikinta), kowace na iya zama zakara a ranar ƙarshe. Har minti na 88 kofin yana hannun Union. Brugge ta zura mata ƙwallo, kofin ya koma Genk. A minti na 94 Toby Alderweireld ya daki wata ƙwallo daga nesa, ya koma Antwerp, wadda rabonta da shi tun 1957. Cikin minti kaɗan kofi ya sauya hannu sau biyu. Masu kare tsarin kan ce sai an gwada akan san na ƙwarai: tara maki a kan ƙananan ƙungiyoyi ba jarunta ba ce, a zo a yi ta da manya.

To, amma wa ke biyan kuɗin wannan nishaɗi? Union ta dawo rukunin farko a 2021 bayan shekara 48 tana ƙasa. A kakarta ta farko ta gama zagayen farko a kan gaba, Brugge ta ɗauki kofi. A 2024 aka maimaita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma kuɗin ba na wasa ba ne, domin zakara a 2024 ya shiga gasar zakarun Turai kai tsaye, inda kuɗin shiga kaɗai ya haura Yuro miliyan 18, wato fiye da miliyar 12 na kuɗinmu na sefa. Union sai da ta bi ta wasannin share fage, kuma a can Slavia Prague ta tare ta. Ƙungiyar da ta fi kuɗi tana da ƴan wasa da yawa a benci, tana iya yin sakaci wata shida ta farka a watan Afrilu. Ƙaramar ƙungiya kuwa da ƴan wasa goma sha ɗaya ko sha uku take ja tun daga farko, lokacin da aka zo zagayen ƙarshe ƙafafu sun gaji. Raba maki biyu, a ganinmu, rangwame ne ga mai ƙarfi.

Abin dariya, a 2025 wuƙar ta juya. Genk ce ta gama zagayen farko da maki 68, Union na ta uku da 55, amma Union ta ɗauki kofinta na farko tun 1935. Magoya bayanta da suka sha tsine wa tsarin, ranar ba a ji bakinsu ba. Sai dai tun a watan Fabrairun 2025 ƙungiyoyin ƙasar suka kaɗa ƙuri'a cewa daga kakar 2026-2027 za a koma ƙungiya 18, wasa 34, babu zagayen raba gardama. Su da suka ƙirƙiro abin sun gaji da shi.

Kada a fahimce mu da cewa duk wani zagayen ƙarshe zalunci ne. Inda kowa ya kara da kowa gida da waje, an riga an yi awo da tiya guda, babu abin da ya rage a raba. Amma akwai ƙasashen da ba a iya yin haka. A Amurka ƙungiya 30 ce, an kasa su gabas da yamma, ba kowa ke haɗuwa da kowa ba, dole a ƙarshe a haɗa su. Sai dai su ma sun wuce gona da iri. A 2024 Inter Miami ta Messi ta tara maki 74, abin da ba a taɓa yi ba a gasar, amma Atlanta mai maki 40 ta fitar da ita tun a zagayen farko. Aƙalla dai can akwai garkuwa ta daban da ake ba wanda ya fi maki, ba ya tafiya hannu rabbana.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun fi kusa da halin da muke ciki. A 2019 da 2023, saboda lokaci ya ƙure musu, sun raba ƙungiyoyi rukuni biyu, uku na sama daga kowane rukuni suka haɗu a Legas. Sau biyun Enyimba ta Aba ce ta ɗauka. A nan ma ba rabi aka yi ba, shafe allo aka yi gaba ɗaya, kowa ya fara daga sifiri, wasa biyar-biyar cikin ƙasa da sati biyu. Bendel Insurance ta buga wasa 18 na rukuninta a 2023 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, a Legas ko cikin ukun farko ba ta shiga ba. A 2019 kuma mai son Kano Pillars sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1000 kafin ya ga ƙungiyarsa tana neman kofi.

Wannan batu na nisa mun san shi. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Difa fiye da 1300, ga Arlit can arewa. Ƙungiyar soja ko ta jandarma ko ta duwan tana da mai ɗaukar nauyinta. Ƙungiyar Maraɗi ko ta Tawa sau da yawa ku ne, ƴan kasuwa, ake bi rumfa rumfa don kuɗin mota da na abinci. Saboda haka duk lokacin da aljihu ya yi sanyi, shawarar raba rukuni da haɗuwa a wuri guda tana da daɗin ji, kuma ba mu ce a ƙi ta ba. Abin da za a tambaya tun kafin a buga wasan farko shi ne: makin da aka tara a baya ina za shi?

A ƙasar Sukotlan suna raba ƙungiyoyinsu 12 gida biyu bayan wasa 33, shida na sama su ƙara wasa biyar tsakaninsu, amma kowa da makinsa cikakke, ba a taɓa ko ɗaya. Manya na haɗuwa, fili na cika, ba a ci gumin kowa ba. Idan kuwa rukuni biyu ne daban, ba za a iya kwaso maki duka ba tunda ba abokan karawa ɗaya aka samu ba. A nan sai a ari dabarar ƴan ƙwallon hannu a gasarsu ta duniya: ƙungiyoyin da suka fito daga rukuni guda su taho da sakamakon da suka yi tsakaninsu. Wanda ya doke ka a watan Janairu kada a ce masa a watan Yuni kamar ba a yi ba.

Saura maganar wuri. Idan kuɗi bai isa a yi gida da waje ba, to a riƙa zagayawa da zagayen ƙarshen jaha jaha, a kuma faɗi garin tun farkon kaka, kafin a san waɗanda za su kai. Kofunan ƙasarmu galibi a Yamai suke kwana, kuma zakara shi ke wakiltar Nijar a gasar zakarun Afirka. Idan ƙungiya daga cikin ƙasa ta sha wahalar hanya wata da watanni ta fito a kan gaba, sannan aka shafe makinta aka ce ta zo filin Seyni Kunce ta kara da masu gida kwana biyu-biyu, Alhajin da ya ba da jika ɗari ta mai a bana, baɗi ba zai ɗaga waya ba.