Dara Ba Ta Tsoron Gasa: Darasi Daga Masu Yaƙin Kan Teburi

Duk wanda ya zauna a Yagwa ya san yadda la'asar take sauka a kanta. Manoman shinkafa sun taso daga fadamun SEMRY, masunta sun baro bakin Logon, fataken da ke kai da komo tsakaninmu da Bongor sun ɗaure kaya. A irin wannan lokaci ne ake share gindin darbejiya, a tona gurabu talatin a ƙasa, mutum biyu su durƙusa, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu, 'yan kallo su yi musu zobe. Har gobe ana yi, a Yagwa da Marwa da Garwa, sai dai idan mutum ya dubi kawunan masu durƙusawar zai ga furfura ta fi baƙin gashi yawa. Samarin suna can gefe, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa.

Ra'ayinmu a nan ɗaya ne: idan muna son dara ta ga jikokinmu, dole ta samu gasa mai tsari, da ƙa'ida rubutacciya, da kundin da zai adana wasannin gwanaye. Mun sha faɗin haka a majalisa, mun kuma sha jin amsar dattawa, amsar da ba ta raini ba ce. Suna cewa sirrin dara yana cikin jere. Ranar da aka rubuta yadda gwani yake jera 'ya'yansa, kowane yaro zai haddace, wasan ya koma karatun aku, basira ta mutu. Wannan tsoro ya cancanci a auna shi. Kuma akwai wasu mutane a wata duniya da suka shekara fiye da arba'in suna fama da wannan matsala ita kanta, don haka bari mu leƙa teburinsu.

A birnin Nottingham na Ingila akwai wani kamfani mai suna Games Workshop. A 1983 ya fito da wasan yaƙi da ake kira Warhammer. Ba da kwamfuta ake yinsa ba. Ƙananan mutum-mutumi ne na roba ko ƙarfe, yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, waɗanda ɗan wasa yake saya, ya harhaɗa, ya shafa musu fenti da hannunsa: mahaya, maharba, dakarun ƙasa, matsafa da dodanni irin na tatsuniya. Ana baza su a kan teburi mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa huɗu, a auna tafiyar kowace ƙungiya da tef ɗin awo, a jefa ƙwayoyi masu fuska shida irin na ludo don a san ko sara ya kama ko ya kuskure. Asalin irin wannan wasa ya girmi kamfanin nesa ba kusa ba. Tun 1824 hafsoshin Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, suka karɓi wasan yaƙi a kan taswira a matsayin hanyar horo, kuma a 1913 marubucin nan H. G. Wells ya wallafa littafin Little Wars, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin yin wasan da sojojin yara.

Abin da ya shafe mu shi ne yadda suke haɗa runduna. Kowane irin mayaƙi yana da farashinsa na maki, kuma a gasa akan ba kowane ɗan wasa adadi guda, galibi maki 2000, ya kashe yadda ya ga dama. A ce an ba Madawakin wani sarki dukiya ƙayyadadda, aka ce ya zaɓa: 'yan lifidi kaɗan masu tsada, ko 'yan baka masu yawa masu araha, ko ya raba ƙafa. Abin da ɗan wasa ya zaɓa sai ya rubuta a takarda, ya miƙa wa alƙalai kafin ranar gasa, kuma ba shi da ikon canzawa har a tashi. Wannan takarda ita ce jerin runduna. Manyan gasanni sukan ɗauki kwana biyu, wasa biyar, ana haɗa wanda ya ci da wanda ya ci, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi, har zakara ya fito.

To, da zarar zakara ya fito, jerinsa ya zama na kowa. Kafin mako ya zagayo an watsa shi a intanet, ɗaruruwan mutane sun sayi irin mayaƙansa, sun kwafe shi ƙwaya da ƙwaya. Wannan shi ne ainihin abin da dattawanmu suke tsoro. Me ya biyo baya? Abu biyu, kuma masu wasan sun san su sarai. Na farko, wanda ya ari jerin gwani ba ya arar idon gwani. Takardar ta gaya masa abin da zai ɗauko, ba ta gaya masa inda zai tsayar da mahaya idan abokin karawa ya ɓullo ta hagu ba, ko lokacin da zai sadaukar da ƙungiya guda don ya ceci sauran. Kayan aro ba ya rufe katara. Na biyu, jerin da kowa ya sani, kowa ya san maganinsa. Masu kaifin basira sai su zauna su haɗa rundunar da aka ƙera musamman don karya ta zakaran jiya, a gasa ta gaba kuwa masu kwafe su zube kamar ganyen kaka. Daga nan sai wani sabon jere ya hau, shi ma a nemo makarinsa. Bayyana sirri bai kashe wasan ba, tura shi gaba ya yi.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan darasi. A filin Roumdé Adjia na Garwa, a watan Janairun 2022, idonmu ya ga ƙungiyar ƙwallon Najeriya ta cinye wasanninta uku na rukuni a gasar cin kofin Afirka: ta doke Masar, ta doke Sudan, ta doke Gini Bisau, har aka fara yi mata kirarin kofi. Tunisiya ta zauna ta karanci yadda take kai hari ta gefe, ta toshe hanyar, ta fitar da ita da ci ɗaya mai ban haushi a wannan fili dai. Idan kuma muka koma tarihi, a Tafkin Kwatto a 1804 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ce take da dawaki da lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa mafi yawansu a ƙasa suke da baka da kibiya. Da takarda ce take yaƙi, da tun kafin a gwabza an san mai nasara. Amma ba a takarda aka yi shi ba.

Yanzu mu dawo gindin darbejiya. Dara ma tana da matakai biyu, kamar wancan wasa. Akwai jere, inda kowa yake ajiye ɗa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ya haɗa uku a layi ba tukuna. Akwai kuma tafiya, inda ake gusar da ɗa gurbi guda, gaba ko baya ko gefe, duk wanda ya haɗa uku a layi ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Burin kowane gwani shi ne ya kafa doki, wato ya tsara 'ya'yansa ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gurbi biyu, kowane motsi da cinsa. Amma ga inda dara ta sha bamban: ba a jera ta a ɗaka a zo da ita. Kana ajiye tsinke, ana ajiye maka tsakuwa, wataƙila a daidai gurbin da ka ɗora wa rai. Jeren dara zance ne tsakanin mutum biyu, kuma ba a haddace zance, domin ba ka san abin da ɗayan zai ce ba. Idan har wasan da ake rubuta rundunarsa tun daga gida bai mutu da kwafe ba, ina dalilin da zai sa dara ta mutu?

Akwai ma wata falala da muke da ita wadda su ba su da ita. Rundunarsu kuɗi ce. Wanda aljihunsa ya fi nauyi shi ne yake iya sauya mayaƙa duk lokacin da iska ta juya. Ƙa'idar kuma mallakar kamfani ce: yakan ɗaga farashin makin mayaƙin da ya addabi gasa, ya sauke na wanda aka yi watsi da shi, jerin da ya ci bara ya zama haramtacce bana. A 2015 ma kamfanin ya rufe tsohon wasan ɗungurungum, ya maye gurbinsa da Age of Sigmar, mutanen da suka shekara suna tara runduna suka wayi gari ba su san inda za su sa ta ba, sai a 2024 ya dawo da irin na da da sunan The Old World. Dara kuwa ba ta da mai ita. Goma sha biyu ne na attajiri, goma sha biyu ne na ɗan dako. Ƙasa ce teburinta, kara da tsakuwa ne mayaƙanta. Ba mu san wasan da aka gina a kan adalci tun daga tushe kamar wannan ba. Abin da kawai suka fi mu shi ne tsari da rubutu.

Kuma mun ga abin da tsari yake yi wa wasan gindin bishiya. Wasan dam, wanda 'yan uwanmu na Najeriya suke kira daraf, shi ma a bakin titi ake buga shi a kowane gari na Kamaru. Amma saboda yana da hukumar duniya tun 1947, da hanyar rubuta kowane motsi, sai ga Baba Sy na Senegal ya girgiza Turai a shekarun 1960, ga kuma ɗan ƙasarmu Jean Marc Ndjofang ya zo na biyu a gasar duniya ta 2013 a birnin Ufa na Rasha. A Nijar, kokawar gargajiya ta samu gasar ƙasa tun 1975, lokacin da aka fara ta a Tawa, yau ga shi ƙasa baki ɗaya takan tsaya cik don ganin wanda zai ɗauki takobi. Ba wanda zai ce ƙa'ida ta rage wa kokawa armashi. Mu da muke zaune cikin Masa da Tupuri, mutanen da suka san darajar fagen kokawa, bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Saura tsoro na biyu, wanda malamanmu suke ambata, kuma shi ma gaskiya ne: caca da shagala. Mun taɓa ganin majalisar dara da ta watse saboda an fara ɗora kuɗi a gefe, abokan shekara ashirin suka daina gaisawa, dara ta ci gida. Sai dai a lura, a inda babu tsari ne hakan ta faru. Caca tana son duhu da rashin alƙali. Gasar da aka yi a fili, gaban dattawa, da lokacin farawa da na tashi, wadda ake dakatarwa idan an kira salla, wadda kyautarta daga masu shiryawa take fitowa ba daga aljihun 'yan wasa ba, ita ce babban makarin caca.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi, kuma babu ɗaya da ya fi ƙarfinmu. Na farko, gwanayen Yagwa da Marwa da Garwa su zauna su daidaita ƙa'idar gasa, domin kowa ya san akwai saɓani daga gari zuwa gari: yawan gurabu, hukuncin huɗu a layi, da ɗan da ya halatta a cire. Ba muna cewa a kashe salon kowane gari ba ne. A gida kowa ya yi irin tasa, a fagen gasa a bi guda. Na biyu, a sa wa gurabun suna: layuka biyar su ɗauki haruffa, gurabu shida na kowane layi su ɗauki lambobi, ta yadda ɗan makaranta mai biro da littafi zai iya rubuta wasa daga farko har ƙarshe. Na uku, a ari tsarin haɗa mai ci da mai ci, don kada wanda ya taso daga ƙauye ya faɗi wasa ɗaya a ce ya koma gida. Na huɗu, a ware rukunin yara, a kuma sa kowane gwani ya zo da almajirinsa. Na biyar, a nemi albarkar masu sarauta, a jingina gasar da lokutan da jama'a suke taruwa, kamar bayan girbin shinkafa ko kwanakin hawan salla.

Ga dattawanmu masu riƙe da sirrin jere, da girmamawa muke cewa: sirrin da aka ɓoye ba ya tsira, kabari yake bin mai shi. Gwanaye nawa aka yi a garuruwan nan waɗanda aka ce ba a taɓa kafa musu doki ba, yau ko wasa ɗaya nasu ba mu da shi, sai labari? Da an rubuta, da yaran nan masu sunkuye a kan waya suna da abin nazari, da abin jayayya, da wanda za su yi burin wucewa. Ku bari a kwafe ku. Wanda ya kwafa ya tsaya nan, za a cinye shi a gasa ta gaba. Wanda ya kwafa ya gane dalili, shi ne magajinku.

Gurabu talatin ba sa cin kuɗi, kuma ƙasar da za a tona su tana nan a ƙofar gidan kowa. Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, Ya sa mu miƙa shi ga na baya da ƙari.