Doki Ba Saniya Ba Ne: Mu Sake Duba Yadda Muke Zuba Masa Harawa



Da yawa daga cikin mutanenmu a nan Kudu da doki suke neman abinci. Wasu suna aikin barga a filayen folo na Legas da Ibadan da Fatakwal, wasu suna ɗaukar masu shan iska a bakin teku, wasu kuma sun ajiye nasu don hawan sallah. Damuwarsu kusan ɗaya ce: fili ya yi ƙaranci, doki a ɗaure yake wuni, harawa kuma sai an yo lodinta daga Arewa da tsada. Ra'ayina shi ne, mai doki a irin wannan hali ya daina jibge masa harawa sau biyu a rana, ya nemi abin da zai sa ya ci a hankali.

Saniya tana cika tumbi ta kwanta ta yi tuƙa. Doki ba haka Allah Ya halicce shi ba. Cikinsa ƙarami ne, bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba, kuma ruwan tsamin da ke narka abinci yana zuba a ciki dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba. Abin da ke kashe kaifin wannan tsami shi ne ciyawa da kuma yawu, yawun kuwa sai yana tauna yake fitowa. Dokin da aka saka a makiyaya yakan yi awa 14 zuwa 16 yana tsinkar ciyawa kaɗan kaɗan. Wanda aka zuba wa dami da safe ya cinye cikin awa biyu, sauran wunin cikinsa fayau ne. Daga nan ake samun gyambon ciki, da ciwon ciki mai sa doki birgima, da gaigayar katako don haushi. Doki ba ya iya amai, shi ya sa ciwon ciki yake kashe shi da wuri.

To wanne mazubi ya kamata a zaɓa?

Zubawa a ƙasa yana da amfani ɗaya: doki yana sunkuyar da kai kamar yadda yake kiwo, majina da ƙura suna fita ta hanci. Amma yana tattake rabi, ya yi fitsari a kai. In ƙasar rairayi ce, kamar ta bakin teku, yana haɗiye yashi ya taru a hanji.

Mazubin ƙarfe da ake kafewa can sama a bango yana hana ɓarna, sai dai ƙura da ɓurɓushi suna zubo masa a ido da hanci, wuyansa kuma a miƙe yake ci. Akwatin da ake ɗora wa murfin ƙarfe mai ramuka yana rage saurin ci sosai, amma ƙarfen yana cin haƙoran gaba.

Ni dai a ganina raga mai ƙananan ƙofofi ta fi dacewa da mu. Ƙofar ta kasance kamar santimita 4, wajen faɗin yatsu biyu, ta yadda sai ya ja sili sili. A saƙa ta da igiya mai taushi da kauri. Ragar kamun kifi siririya ce, tana yanka leɓe, a guje ta. Sai a ɗaure ragar tamau a cikin rabin duro na roba ko komi, a ƙasa. Dalilin duron shi ne harawar wake da ta gyaɗa ganyensu yana kakkaryewa, kuma ganyen nan shi ne mai amfanin. In raga a rataye take kawai, ganyen ƙasa zai zube.

Akwai haɗarin da dole a kiyaye. Raga tana saki ta yi ƙasa idan ta kusa ƙarewa, doki yana iya sa ƙafa a ciki, musamman mai takalmin ƙarfe a kofato. Wanda zai rataye ta, ya ɗaga ta daidai ƙirjin doki, ya naɗe ragowar igiyar. A damina kuma, da laimar da muke da ita a nan, a riƙa zazzage duron kullum, domin harawar da ta yi fumfuna tana jawo tari da ciwon ciki.

Na san wasu za su ce wannan rowa ce, ko su ce iyayenmu ba su yi haka ba dawakansu kuma suka yi ƙiba. Iyayenmu suna da fili, suna da yaran barga da ke ƙara ciyawa a kai a kai. Mu kuwa mutum ɗaya ne ke kula da dawaki uku, kuma yana da wata sana'ar. Batun rowa kuwa, ba a rage komai ba. Doki yana bukatar busasshiyar ciyawa kimanin kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin jikinsa kowace rana, wato kilo 6 zuwa 8 ga doki mai kilo 400. Adadin nan za a ba shi, lokacin cin ne kawai ake tsawaitawa. A gauraya harawa da ingirici, a auna da sikeli, a raba kashi uku ko huɗu, na dare ya fi yawa. Abin nema shi ne kada ya wuce kamar awa 4 ba abin taunawa a gabansa, ruwa mai tsabta kuma yana kusa.

Ba kowane doki ne raga ta dace da shi ba. Tsoho mai lalatattun haƙora da ramamme a bar musu a buɗe. Sabon shiga kuma a fara masa da rabi a raga rabi a komi har ya saba. In ya ƙi ci, ko yana waiwayen cikinsa yana tonon ƙasa da ƙafa, a kira likitan dabbobi nan take.

Kuɗin raga da rabin duro ba su kai asarar harawar da ake tattakewa a wata ɗaya ba, balle kuɗin doki. Dabbar da ka ɗaure amana ce a wuyanka, ba ta da bakin da za ta ce cikinta na ciwo. Masu dawaki a cikinmu su gwada na mako biyu, su auna abin da ya rage a ƙasa da yadda dokin yake wuni.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mana dabbobinmu. Amin.