Riƙo na Uwa Ne, Ciyarwa ta Uba: Hukuncin da Aka Bari a Littafi

Duk wanda ya taɓa zama a harabar kotun Musulunci a Kano ko Zariya ko Gusau da hantsi ya san irin matar nan. Tana zaune a bakin benci, goye da jariri, takardar saki a ƙulle a gefen mayafi. 'Ya'ya uku ta haifa, amma na goyen ne kaɗai a hannunta. Ranar da iddarta ta cika ƙanin mijin ya zo da adaidaita sahu, ya ce Yaya ya ce a kai yara gida. Mahaifinta bai hana ba. Cewa ya yi, “Ki yi haƙuri, ɗa na uba ne, in sun girma za su neme ki.” Shi ma na goyen an riga an faɗa mata cewa ranar yaye ce ranar rabuwa.

Abin da ke ci wa mutum rai shi ne, yawancin masu yin haka sun ɗauka addini suke bi, alhali littattafan da alƙalan ƙasar nan ke hukunci da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, akasin haka suka tanada. A mazhabar Malikiyya, idan aure ya mutu uwa ce ke da haƙƙin riƙo, wanda malamai ke kira hadana. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare a ɗakinta. Cikin mazhabobi huɗu babu wadda ta kai Malikiyya tsawaita wa uwa wannan haƙƙi. Idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yakan faɗi daga hannunta, amma ko a nan ba wurin uba yake zarcewa ba. Kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye, kuma 'yar'uwar uwa ma tana gaban uba a layi.

Hukuncin ya samo asali tun zamanin Sahabbai. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, sai ya ɗauke shi ya aza a kan abin hawansa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi ta ja-in-ja har gaban Halifa Abubakar. Halifa ya ce a bar mata yaron, Umar kuwa bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Umar ɗin da ake jin tsoron kwarjininsa ne ya sakar wa tsohuwa ɗan cikinsa, don haka babu magidancin da zai ce mutuncinsa ya zube idan ya yi haka.

Ba a fitar da uba daga rayuwar yaro ba. Shi ne waliyyi, da shi ake shawarar karatu da tarbiyya, shi ke aurar da 'yarsa, kuma yana da damar ganin 'ya'yansa. Uwar da ke ɓoye yara ko cusa musu ƙin ubansu ita ma ta yi zalunci, kuma akwai su. Sai dai babban nauyin da ke wuyan uba shi ne ciyarwa: abinci, sutura, magani, kuɗin makaranta, ko yaran na gidansa ko suna gidan kakanninsu. Suratul Baƙara da Suratuɗ Ɗalaƙ sun ɗora masa har da ɗawainiyar mai shayarwa.

A nan ne gizo ke saƙar. Maza da yawa sun mayar da ciyarwa makami. Matar ta aika a karɓo kuɗin magani, amsar ita ce, “In tana so in ciyar da su, ta kawo min 'ya'yana.” Ita kuma ba sana'a, gidan iyayenta cike da ƙanne, buhun masara ya fi ƙarfin tsohon. Wata uku ko huɗu sai ta gaji ta miƙa yaran da hannunta, a ce ai ita ta bayar. Wata kuma a wajen khul'i ake sa ta yafe riƙon don ta samu kanta. Daga nan yarinya 'yar shekara shida ta koma hannun kishiyar uwa, wataƙila a ɗora mata farantin talla, yaro kuma a haɗa shi da allo da ɗan kwano a tura shi wani gari. Akwai matan uba masu tsoron Allah da suka riƙe 'ya'yan miji tamkar nasu, amma bai kamata makomar yaro ta dogara ga sa'a ba.

Dokoki dai akwai su. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a hurumin duba al'amuran iyali na Musulmi, har da kula da ƙananan yara. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce maslahar yaro ce kan gaba a duk shawarar da ta shafe shi, Kano kuma ta samu tata dokar kare yara a 2023. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi maganar dokar iyali, amma hayaniyar ƙarin aure ta danne sauran batutuwan. Inda ake faɗuwa shi ne zartarwa. Alƙali ya yanka kuɗin wata, mutum ya biya sau biyu ya canja lambar waya, matar ta koma biyan kuɗin mota da na sammaci har ta haƙura.

Wasu ƙasashen Musulmi sun toshe wannan kafa. Tunisiya tun 1993, Masar kuma tun 2004 ta hannun Bankin Nasir, suna da asusun da ke biyan matar kuɗin da kotu ta yanka, sannan hukuma ta bi mijin ta karɓi abinta. Jihohin da suka iya ware kuɗi don auren zawarawa, kamar yadda Kano ke yi tun 2012, za su iya kafa irin wannan asusu. Kafin nan ma akwai abin da ba ya buƙatar kasafi: duk sakin da ya zo gaban alƙali ko Hisba, a rubuta wanda zai riƙe yara, da adadin kuɗin wata, da ranakun ziyara, a zama guda. Ma'aikaci a cire daga albashinsa, ɗan kasuwa ya kawo mai tsaya masa. Limamai kuma su ware huɗubar Juma'a su karanta wa jama'a babin hadana, domin mahaifin matar nan da ke kan benci, wanda ya ce ta yi haƙuri, bai taɓa jin cewa matarsa ce ke biye da 'yarsa a haƙƙin riƙon jikokinsa ba.