Ina iyakar hannun maɗori?

A cikin watan Mayu na shekarar 2025, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ya zauna a birnin Janeba, ya amince da wani sabon tsari na shekara goma, daga 2025 zuwa 2034, game da maganin gargajiya. Ɗaya daga cikin manyan manufofi huɗu na tsarin shi ne kowace ƙasa ta kafa ƙa'idodi ga masu wannan aiki, domin abin da suke yi wa jama'a ya zama mai amfani, marar cutarwa. Nijar tana cikin ƙasashen hukumar, saboda haka maganar ta shafe mu. A nan jahar Damagaram kuwa, sana'ar ɗori tana gaba cikin sana'o'in da wannan magana ta taɓa.

Jama'a masu karatu, tambayar da za mu duba yau ita ce: wace karaya ce doka za ta bar wa maɗori, wace ce kuma za ta ce lalle a kai ta asibiti?

Abin da ke kai mutane wurin maɗori

A ƙidayar 2012 jahar Damagaram ita ce ta fi kowace jaha yawan jama'a, mutum fiye da miliyan 3 da rabi. Babban asibitin ƙasa yana cikin birni. Mutumin Tanut zai yi tafiyar kusan kilomita 150 kafin ya iso, na Gure fiye da haka, na Taskar kuwa sai ya ratsa rairayi. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Shi kuwa maɗori yana cikin gari ko garin da ke kusa. An san shi, an san ubansa, domin sau da yawa sana'ar gadon gida ce. Ba ya tsare majinyaci da kuɗi kafin ya taɓa shi. Akan ba shi hatsi, ko kaza, ko a jira kaka.

Karaya kuma ba ta yankewa. Yara suna faɗowa daga itace ko daga jaki, amalanke tana kifewa da manomi, babura masu kabu-kabu sun cika hanyoyi daga Zango har Birni. Gwamnati ta yi ƙoƙari wajen rage tsadar magani: tun 2006 aka ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, a cikin watan Agusta na 2024 kuma aka raba kuɗin asibitocin gwamnati biyu. Amma kuɗin mota, da abincin mai jinya, da kwanakin da za a bar gona, duk suna nan a wuyan mai gida.

Dole kuma a faɗi gaskiya: karaya da yawa suna warkewa a hannun maɗora. Ƙashi da kansa yake haɗuwa in an daidaita bakinsa, aka hana shi motsi. Maɗorin da ya ƙware ya san wannan, jama'a kuma sun ga aikinsa da idonsu. Duk dokar da ta manta da haka, takarda ce kawai.

Inda ɓarna take shigowa

Idan ƙashi ya karye, wurin yakan ci gaba da kumbura kwana ɗaya zuwa biyu. In aka jera karare kewaye da hannu, aka ɗaure da ƙyalle tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini. Naman da ya rasa jini awa 6 ko makamancin haka yakan fara mutuwa, kuma ba ya komowa. Alamominsa a fili suke: ciwo mai ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su yi sanyi, su mutu, su sake launi. Abin takaici, sau da yawa akan ce wa yaro ya yi haƙuri, ai zafin ɗori ne. Ranar da aka kwance, hannu ya riga ya ruɓe, likita ba shi da abin yi sai yankewa don ya ceci rai. Karayar da ke sama da gwiwar hannu, wadda ta fi samun yara, ita ce ta fi wannan haɗari, domin babbar jijiyar jini tana wucewa dab da ƙashin.

Akwai kuma karayar da ƙashi ya huda fata. Idan aka shafa mata magani aka rufe, ƙazanta tana shiga ƙashi, ya yi ta fitar da mugunya shekara da shekaru, ko kuma tetanos, ciwon nan mai sandarar da haɓa da jiki, ya kama mutum. Akwai karayar ƙashin baya da ta wuya, wadda ja ɗaya ke iya shanye ƙafafu har abada. Akwai ciwon bayan da asalinsa tarin fuka ne ya ci ƙashi, wanda tausa ba ta yi masa kome sai ɓata lokaci. Hannu ba ya gane waɗannan duka. Sai hoton ƙashi.

Abin da doka ta ce

Tun a taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka yarda a sa masu maganin gargajiya cikin aikin kiwon lafiya inda ake bukata, bayan an horar da su. A shekarar 2000 ministocin lafiya na Afirka suka ƙarfafa wannan a Wagadugu, daga 2003 kuma ake bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka kowace 31 ga Agusta. A Nijar, doka mai lamba 97-002 ta ranar 10 ga Janairu 1997 ta ba maganin gargajiya wuri a cikinta, masu sana'ar kuma suna da ƙungiyarsu ta ƙasa.

Sai dai wannan doka, kamar yadda sunanta ya nuna, doka ce ta magunguna. Aikin maɗori kuwa aikin hannu ne: ja, daidaitawa, ɗauri. Takardar da ta ce wane mai maganin gargajiya ne tana da amfani, amma ba ita za ta ceci hannun yaro ba. Abin da zai cece shi shi ne jerin ayyuka a rubuce: wannan an yarda, wannan an hana, wannan sai likita ya gani tukuna.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Turawa ma sun sha wannan gardama da nasu masu aikin hannu. A shekarar 1895, a garin Davenport na jahar Ayowa ta Amurka, wani mutum mai suna Daniel David Palmer ya fara sana'ar gyaran gaɓoɓin ƙashin baya da hannu. Masu wannan sana'a ana ce musu kiroprakta. A 1906 aka ɗaure Palmer a kurkuku saboda yin aikin likita ba da izini ba. Ɗaurin bai kashe sana'ar ba, domin mutane ba su daina zuwa ba. Daga baya jahohi suka sake dabara, suka fara ba da izini tare da iyaka: Kansas ta yi dokarta a 1913, Luwiziyana ta zama ta ƙarshe a 1974. Har yau ana ja-in-ja a kan faɗin iyakar. A 2008 jahar Sabuwar Meziko ta yarda wasu daga cikinsu, waɗanda suka ƙara karatu, su riƙa rubuta wasu magunguna ƴan kaɗan, alhali yawancin jahohi ba su yarda da haka ba.

Misalin Faransa ya fi kusa da mu, tun da tsarin dokokinmu ya yi kama da nasu. Dokar ranar 4 ga Maris 2002 ta amince da sunan sana'ar. Amma sai da aka shekara kusan tara kafin kudurin gwamnati na 7 ga Janairu 2011 ya fayyace aikin. Kudurin ya hana su taɓa abin da ya shafi mahaifa da haihuwa. Ya ce ba za su murɗa kai, ko fuska, ko ƙashin bayan jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba, sai likita ya duba ya shaida babu haɗari. Ya kuma wajabta musu tura majinyaci wurin likita idan ciwo ya ƙi sauƙi, ko ya ƙaru, ko ya wuce saninsu. A 2018 da aka tsara karatunsu na shekara 5, masu gashin ƙashi na asibiti suka fito zanga-zanga, suna cewa an shiga gonarsu.

Kiroprakta ba ya ɗorin karaya, maɗori kuma bai yi makarantar shekara 5 ba. Sana'o'in biyu ba ɗaya ba ne. Amma darasin ɗaya ne: hani bai yi aiki ba, amincewa da suna kaɗai ba ta isa ba, sai da aka zauna aka lissafa ayyukan ɗaya bayan ɗaya.

Iyakar da ta dace da mu

In za a rubuta irin wannan jeri a Nijar, likitocin ƙashi ne da maɗora za su zauna su tsara shi. Amma ginshiƙansa ba ɓoyayyu ba ne. Ana iya raba aikin kashi uku.

Na farko, abin da za a bar wa maɗorin da aka rubuta sunansa: targaɗe, da karayar da fata ba ta fashe ba, wadda ba ta cikin gaɓa, ƙashin kuma bai kauce sosai ba. Sharaɗi shi ne a sa auduga ko tsumma mai laushi ƙarƙashin karare, a bar yatsu a waje ana ganinsu, a ɗaga hannun sama, a sake dubawa a ranar da kuma washegari.

Na biyu, abin da za a hana ƙwarai: karayar da ta huda fata, ta wuya, ta ƙashin baya, ta ƙugu, ta cinya, ta kai, da duk majinyacin da ya suma ko jini ya ƙi tsayawa. A nan aikin maɗori shi ne ya tallafe wurin ya hana shi motsi, ya rufe rauni da ƙyalle mai tsabta, ya tura asibiti nan take. Wannan ma aiki ne babba, kuma ya kamata doka ta kira shi aiki.

Na uku, abin da sai an ɗauki hoto likita ya gani tukuna: karayar gwiwar hannu ta yara, gocewar gaɓa, da ciwon baya mai tafe da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafafu.

A kan waɗannan duka akwai ƙa'ida guda: yatsu sun yi sanyi, ko sun mutu, ko ciwo ya ƙaru, a kwance ɗauri nan da nan, a kama hanya.

Masu ja da wannan shawara

Wasu likitoci za su ce ba wa maɗori izini ko da kaɗan ne, ƙarfafa masa gwiwa ne. Wasu maɗora kuma za su ce an rage musu abinci, an kuma raina gadon iyayensu. Kowanne yana da hujja. Amma akwai abin da aka gwada aka gani. A kudancin ƙasar Habasha, wani likita mai suna Eshete ya ƙirga hannuwa da ƙafafun da aka yanke cikin shekara biyu, ya samu 49, kuma 25 daga ciki ruɓewa ce ta ɗaurin maɗora. Sai aka shirya horo na yini ɗaya sau goma, masu maganin gargajiya 112 suka halarta, aka kuma horar da ma'aikatan lafiya na karkara. A shekara biyu da suka biyo, yankan ya sauko zuwa 25, na ruɓewa kuwa 7 kacal. An buga wannan sakamako a 2005. Ba a kama kowa ba, ba a rufe gidan kowa ba. Yini ɗaya na bayani ya ceci gaɓoɓin mutane.

Shi ma maɗori yana da riba. Hannu ɗaya da ya ruɓe yana iya zubar da sunan da gidansu ya shekara ɗari yana ginawa. Wanda ya san iyakarsa, ya tura abin da ya fi ƙarfinsa, doka za ta tsaya masa ranar da aka kai ƙara. Za ta kuma raba shi da ƴan cin kasuwa, waɗanda ba su gada ba, ba su koya ba.

Wa zai tsare dokar?

Ma'aikacin gwamnati ba zai iya zagaya kowane ƙauye daga Magarya zuwa Tanut yana leƙa ɗauri ba. Amma ƙasar Damagaram tana da tsarin da ya girmi zuwan Faransawa a 1899. Tun zamanin sarakuna irin su Tanimu, sana'o'i a ƙasar Hausa suna da shugabanninsu: sarkin maƙera, sarkin fawa, sarkin wanzamai. Su suka san gwani, su suka san ɗan koyo. Dokar ranar 13 ga Janairu 2015 ta tabbatar da matsayin sarakunan gargajiya cikin tsarin mulki, ta kuma bar musu ikon sasanta jama'a. Saboda haka fadar Mai Martaba Sultan, da sarakunan kantoni, da masu gari, su ne suka fi cancanta su gabatar da sunayen maɗora na gaskiya, hukumar lafiya ta jaha ta rubuta su. Jami'ar André Salifou, wadda ke da sashen koyon aikin likita, da makarantar ma'aikatan lafiya ta Damagaram, suna iya ɗaukar nauyin horon.

Jerin ayyukan kuma kada ya tsaya cikin Faransanci a aljihun tebur. A rubuta shi da Hausa, da Barbarci, da Fillanci, da Buzanci, cikin boko da ajami, da hotuna, a karanta shi a gidajen rediyo na karkara. Uwar da ta san cewa sanyin yatsu alamar haɗari ce ta fi kowane mai bincike tsaron ɗanta.

Asibiti ma yana da nasa nauyi. Idan maɗori ya turo majinyaci aka tarbe shi da faɗa da zargi, gobe ba zai sake turowa ba, iyaye kuma za su ɓoye ɗansu har sai ya yi wari. A tarbe su da fuska, a ɗauki hoto ba jinkiri, a mayar wa maɗori da labarin abin da aka gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tsarin OMS ya ba ƙasashe wa'adi har 2034. Yaron da zai faɗo daga bishiyar mangwaro a Mirya cikin bazara mai zuwa ba zai jira wannan wa'adi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata hukumar lafiya ta jaha, da fada, da maɗora su fara zama tun yanzu, ko da a gunduma ɗaya ce, su ƙirga gaɓoɓin da ake yankewa kafin horo da bayansa, domin ranar da za a rubuta dokar ƙasa a samu hujja daga Damagaram. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.