Linzamin Harshe

Birnin Kano yana da ganuwa, ganuwar kuma tana da ƙofofi, kamar Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Na'isa. A zamanin da, kowace ƙofa tana da sarkinta. In rana ta faɗi sai ya rufe ta, ba mai wucewa sai ya san ko wane ne. To, yara, bakin mutum ma ƙofa ce. Wanda bai sa masa mai tsaro ba, wata rana zai saki maganar da za ta jawo masa nadama.

Yawancin mutanen cikin birni Musulmi ne. Kiristoci kuwa sun fi zama a Sabon Gari, wadda aka kafa a wajen ganuwa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Amma kullum ana cuɗanya a kasuwar Kurmi, da asibiti, da makaranta. A ganina, Kiristan da ya shigo birni, da kalamansa za a fara auna addininsa.

An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. A cikinsa akwai Wasiƙar Yakubu, inda aka kwatanta harshe da ƴar wuta mai cinye babban daji, aka kuma kawo misalin linzami. Ku dubi dawakin hawan Salla. Doki ya fi mahayinsa ƙarfi nesa, amma ɗan ƙarfen nan na bakinsa shi ke juya shi. Haka ya kamata Kirista ya sarrafa harshensa.

Kano ta taɓa ganin ɓarnar harshe. A 1953 wakilan Arewa suka saɓa da na Kudu a majalisa a Ikko, a kan lokacin da ya dace a karɓi mulkin kai. Da suka fito, sai taron jama'a ya yi musu ihu da ba'a. Labari ya iso Arewa, zukata suka ɓaci. Ran 16 ga Mayu rikici ya tashi tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari. Aka kwana huɗu ana yi, mutum fiye da talatin suka rasu. Asalin abin siyasa ne, amma baƙar magana ce ta hura wutar. Gaskiyar Hausawa da suka ce baki shi ke yanka wuya.

Watakila wani zai ce, “In an zage ni na yi shiru, ai an ce ni matsoraci ne.” A'a. Rama zagi ba wuya, ko ƙaramin yaro ya iya. Jarumi shi ne wanda ransa ya ɓaci amma ya haɗiye fushinsa. Kame baki kuma bai hana faɗin gaskiya ba. In an zalunce ka, sai ka gaya wa malaminka ko iyayenka cikin ladabi.

Saboda haka, yaro Kirista, in ka ga abokinka yana salla, kada ka yi surutu kusa da shi. In yana azumi, kada ka yi masa ba'a da abinci. Kada ka raina wani don yarensa ko tufafinsa, gama raini a zuci yake farawa kafin ya fito baki. Kai ma yaro Musulmi, addininka ya hore ka da faɗin alheri ko yin shiru, don haka ka girmama maƙwabcinka.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kafin ka buɗe baki, ka tambayi kanka ko abin da za ka faɗa gaskiya ne, ko kuma zai amfani wani. In ba haka ba ne, rufe ƙofa.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin sarkin ƙofa?
2. Me ya faru a Kano a watan Mayu na 1953?
3. Don me mai haɗiye fushi ya fi mai ramuwa jarumtaka?