Gam Ɗin Sikirin da Rana Ba Sa Ga Maciji

Duk matashin da ya sayi waya mai lanƙwasasshen sikirin, wurin mai gyara yake fara nufa domin a manna masa gilashin kariya. Da gam na ruwa ake manna irin wannan gilashi, sannan a haska masa 'yar fitilar UV ya daskare. A Kankia da Kusada, inda ake samun masu gyara a ƙarƙashin lema ko rumfa, bai kamata a riƙa yin wannan aiki a sarari ba.

Dalili yana cikin gam ɗin. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke tsagewa da zarar hasken UV ya taɓa shi, sai gutsattsarinsa su sa ƙananan ƙwayoyin gam su fara sarƙewa kamar sarƙa. Yayin da gam ke kauri, sarƙoƙin da ke tsawo ba sa iya haɗuwa su tsayar da juna, don haka aikin sai ya ƙara wa kansa gudu, yana fitar da zafi. Masana na kiran wannan da sunayen Trommsdorff da Norrish, waɗanda suka yi nazarinsa a shekarun 1940. Ronald Norrish na Ingila ya samu kyautar Nobel a 1967.

To, hasken rana ma yana ɗauke da UV. Idan ya faɗa kan gam kafin ya gama bazuwa, gefe ɗaya zai riga sauran daskarewa, kumfa ta maƙale a ciki, gilashi ya zauna a karkace. Abin da ya daskare kuwa ba ya komawa ruwa. Gam ɗin da ya kwarara cikin sifika ko maɓallin gefe, nan zai sandare.

Masu gyara za su ce kwastoma na gaggawa, ko babu wuta. Amma kebul ɗin USB fitilar ke amfani da shi, fawa bank ma ya ishe ta.

Saboda haka mai waya na da haƙƙin ya nemi a shiga inuwa sosai, a toshe sifika da maɓallai da salatif, a jira gam ya bazu, kafin a kunna fitila. Mai gyaran da ya ƙi, a ƙara gaba. Kuɗin gilashi kaɗan ne, na sabon sikirin kuwa sai an ji a jika.