Kunne Kaɗai Ba Ya Zaɓen Lasifika

A duk inda ake cinikin kayan sauti, daga Sabon Gari a Kano har manyan shagunan Turai, magana ɗaya ce a bakin masu kaya: "Alhaji, rabu da takarda, kunnenka ne alƙali." Sai a murɗa ƙara, bas ya girgiza kanta, mai saye ya gyaɗa kai ya ƙirgo kuɗi. Wannan magana ta cuci jama'a da yawa, kuma tuni aka gwada ta aka ga ramarta.

Injiniya Floyd Toole ne ya yi gwajin a Hukumar Bincike ta Ƙasar Kanada da ke Ottawa, cikin shekarun 1980. Ya zaunar da masu sauraro a bayan labule mai barin sauti ya wuce, ya daidaita ƙarar lasifikokin don kada wata ta rinjayi wata da ƙarfi kawai. Masu lafiyayyen ji suka riƙa zaɓen iri ɗaya: lasifikar da awo ya nuna tana fitar da sauti mai kauri, matsakaici da siriri daidai wa daida, ba tudu ba kwari, ta gaba da ta gefe. Ashe zancen "kowa da irin kunnensa" bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

A 1994, Toole da Sean Olive suka sake gwaji a kamfanin Harman da ma'aikata 40. Da ana ganin kayan, manya masu tsada suka kwashe maki. Da aka saki labule, tazarar ta ragu ƙwarai. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, sauya wa lasifika wuri a ɗaki ya canja hukuncinsu a bayan labule, amma da ido na kallo kusan bai canja komai ba. Ido ya riga ya yanke hukunci, kunne bin sa kawai yake yi. Har ƙwararrun cikinsu ba su tsira ba.

A 2004 Olive ya fitar da lissafin da ke hasashen zaɓin masu sauraro daga awo kaɗai. A kan lasifika 70, dacewar hasashen da zaɓin mutane ta kai 0.86 cikin 1.

Masu raina awo suna da hujja guda, a ba su ita: lambobin jikin kwali yawanci shirme ne. Rubuta "20Hz zuwa 20kHz" ba tare da faɗin desibel nawa sautin ke hawa ko sauka ba, bai gaya wa kowa komai ba, balle dubban wat na PMPO da ake mannawa a kan akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Amma laifin mai kwali ne. Awo na gaskiya, wanda ƙa'idar CTA-2034 ta tanada, ana yin sa ne daga kusurwa 70 kewaye da lasifika, a ɗakin da bango ba ya dawo da sauti. Shi ma ba zai faɗi ko ƙararta za ta cika filin biki ba. Wannan awo ne daban.

Don haka mai shirin saye, na gida ne ko na masallaci, ya fara neman zanen awon lasifikar. In ya je shago, ya sa a daidaita ƙarar biyun da yake kwatantawa, a sa muryar mai karatun da ya sani sarai, ya juya wa kayan baya, sannan ya saurara.